Sun ce in sa hannu a saka ɗana a bincike, Babansu ya ce ba da ɗansa ba

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki sakaya sunana. A Agege nake zaune, yarana uku, na tsakiyan shekararsa 7 kuma sikila ne. Wancan zuwan da muka yi asibiti wata nas ta ja ni gefe ta ce wata mai kamawa asibitin zai fara wasu bincike, akwai na masu hawan jini, akwai na masu suga, da na masu ciki, da na yara masu sikila, wai tana ganin yarona zai iya shiga. Ta ce magani da gwajin jini duk kyauta ne har kuɗin mota za su dinga ba mu. Ta ba ni takarda shafi 9 duk Turanci ni kuma a aji uku na bar makaranta. Na kai wa Babansu, yana jin kalmar gwaji ya ce ba da ɗansa ba, Hajiya mahaifiyarsa ma ta kira daga Kano tana faɗa wai mun manta abin da aka yi wa yara lokacin sanƙarau ne. Ni kuma wallahi Anti kuɗin magani ya fi ƙarfinmu, albasa yake sayarwa a Mile 12 kuma kasuwar sai a hankali. Zuciyata tana ta ce min in je in sa hannu ba tare da ya sani ba. Sannan ina jin nauyin nas ɗin, tana mana kirki sosai, kar in ce a'a ta canza mana fuska. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba yaro lafiya, ke kuma ya biya ki wannan ɗawainiya, duk wadda ta taɓa kwana zaune tana danna wa yaro ƙafa yana kuka da ciwon ƙashi ta san abin da kike ciki.

Zan fara da abin da ba kya son ji. Kar ki sa hannun nan a ɓoye. Amma kuma kar ki yaga takardar, kar ki bari a kunna risho da ita, ki adana ta a cikin jakar da kike sa katin asibitinsa, don maganar ba ta ƙare ba, ko farawa ma ba a yi ba. Ku uku ɗin nan, ke da Babansu da Hajiya, kowa ya yanke hukunci kuma babu wanda ya san abin da ke cikin shafi 9 ɗin. Ke kin ji kyauta kin ce eh, shi ya ji gwaji ya ce a'a.

Ni ba likita ba ce, amma na yi shekaru ina raka matanmu asibiti a nan Legas ina musu tafinta, tun daga masu awo har masu rakiyar tsofaffi, kuma akwai wata rana da ba na mantawa. Wata baiwar Allah ce 'yar wajen Sakkwato, ba ta jin Turanci ba ta jin Yarbanci, aka zaunar da mu a wani ɗan ofis mai fanka ɗaya, ma'aikaciyar tana karanto takardar shiga wani bincike ina fassarawa, ita kuma matar tana ta gyaɗa kai tana to, to, to, mayafinta a baki. Aka miƙo tawada ta dangwala babban yatsa. Muna fitowa bakin get muna jiran danfo sai ta taɓa ni ta ce, Anti wai me suka ce ne za su yi min? Wallahi sai da na ji ƙafata ta yi sanyi. Ashe duk wannan to ɗin na kunya ne, irin wanda aka koya mana tun muna yara, babba yana magana ba a katse shi. Haka na ja ta muka koma ciki, na ce a sake daga farko, wannan karon ita za ta maimaita da bakinta abin da ta gane. Ta shiga binciken daga ƙarshe, amma sai bayan ta koma gida ta kwana biyu ta yi shawara da mijinta. Tun daga ranar ba na yarda da to ɗin Bahaushiya a gaban mai farar riga sai ta faɗa min da Hausarta abin da ta amince da shi.

Yanzu maganar Hajiya. Kar ki ɗauke ta a tsohuwa mai tsoron banza, tana da hujja kuma hujjar mai nauyi ce. A 1996 an yi annobar sanƙarau da ta kashe mutane sama da 10,000 a ƙasar nan, mafi yawa a Arewa. A tsakiyar annobar kamfanin Pfizer ya zo Kano, asibitin cututtuka masu yaɗuwa na IDH, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara kusan 200, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren sabon, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarnar kuma an nemi izinin iyaye da baki. Iyayen suka ce su ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, sun ɗauka magani ake ba 'ya'yansu kamar kowa. Aka yi ta shari'a a Najeriya da Amurka shekara da shekaru, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. To duk wanda yake Kano a lokacin, ko ya san gidan da abin ya shafa, in ya ji an ce gwaji dole gabansa ya faɗi, wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma ma gudu yake. Wannan tabon ne ma ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003, aka dakatar da ita a Kano kusan shekara guda, cutar ta sake bazuwa, yaran da ba su ji ba su gani ba suka gurgunce. Ki ga dai tsoron ma yana da nasa kuɗin da ake biya.

Abin da nake so ki lura da shi a labarin Kano, kukan iyayen nan a kan abu ɗaya ya fi tsayawa, ba a gaya mana ba. Ke kuwa an gaya miki, har an ba ki takarda kin tafi da ita gida. Wannan kaɗai bai isa ya sa ki yarda ba, amma alama ce ta mutanen da suke bin ƙa'ida. Kuma ƙa'idar yanzu akwai ta a rubuce. Tun 2007 Najeriya take da kundin dokokin bincike a kan ɗan Adam, akwai kwamitin ƙasa da ake kira NHREC a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, manyan asibitocin koyarwa irin su LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja da cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba kowanne yana da kwamitinsa da yake duba bincike kafin a taɓa mutum ko ɗaya, in kuma sabon magani ne za a gwada sai NAFDAC ta ba da izini. Ba wai na ce don akwai doka shikenan ba a kuskure ba, ƙasarmu ce kin san ta, amma yanzu kina da abin da za ki tambaya a nuna miki, kina da ƙofar da za ki buga in an miki ba daidai ba.

Akwai wani abu da yawancin mutanenmu ba sa rarrabewa, kuma daga wasiƙarki na ga ke ma kin haɗe su. Magani daban, bincike daban. In likita yana yi wa ɗanki magani, shi kaɗai yake kallo, ya zaɓa masa abin da yake ganin ya fi. In bincike ne, akwai tambayar da likitocin suke neman amsarta don su kansu ba su sani ba tukuna, misali wannan maganin ya fi wancan, ko kaɗan ya isa ko sai da yawa, kuma amsar za ta fi amfanar yaran da za su zo nan gaba. Ɗanki zai iya amfana, sau da yawa ma ana amfana saboda ana duba yaro akai-akai fiye da yadda ake yi a layin kilinik, amma babu mai gaskiyar da zai miki alkawarin cewa zai warke ko ciwon zai daina tashi. In wani ya miki wannan alkawarin ki tattara yaronki ki fito.

Sannan yawanci ba likita ne yake zaɓar wanda za a ba wane magani ba, kamar ƙuri'a ce kwamfuta take jefawa, wannan yaro rukunin farko, wancan na biyu, wani lokacin har likitan da nas ɗin ba su san wanne ɗanki yake sha ba sai an gama. Ba mugunta ba ce, an yi haka ne don kar son rai ya shiga, kar a dinga ba yara masu ƙarfi sabon magani sannan a ce ya yi aiki. A wasu binciken kuma rukuni ɗaya ƙwaya ake ba su mai kama da magani sak amma babu magani a cikinta, don a gane bambanci. Wannan shi ne wurin da za ki buɗe kunne sosai. Ki tambaya kai tsaye, akwai irin wannan ƙwayar a naku? In akwai, maganin da yake sha yanzu fa, za a bar masa ko za a tsayar? Yaro mai sikila ba a cire masa abin da aka san yana kare shi don a gwada wani.

Kuma ba kowane bincike ne ma ake ba da sabon magani ba, shi ya sa na ce kun yi saurin faɗa. Wani tambayoyi ne kawai da ɗibar jini da duba fayil. Wani maganin da ake sayarwa a kemis ne tun shekaru, ana so a ga yawan da ya fi dacewa da yaranmu. Wani kuwa sabo ne fil. Su sababbin ma hawa-hawa ne, matakin farko mutane 'yan kaɗan ake ba don a ga ko jiki zai ɗauka, na biyu a ƙara yawa a ga ko yana aiki, na uku ɗaruruwa ko dubbai ake kwatanta shi da wanda aka saba, na huɗu kuma bayan ya shiga kasuwa ake ci gaba da sa masa ido. Haɗarin mai mataki na ɗaya da na mai mataki na huɗu ba ɗaya ba ne ko kusa. To wanne ne naku? Yana cikin takardar nan da take jakarki.

Bari in gaya miki abin da za ki iya faɗa wa Hajiya, don ita Kano ɗaya ta sani a wannan maganar, akwai kuma wata Kanon. Yara masu sikila suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun suna ƙanana, a ƙasashen masu kuɗi ƙarin jini ake musu duk wata don a kare su, mu kuwa ina jinin ina kuɗin. Likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da abokan aikinsu na Kaduna da Amurka suka yi bincike a kan yara sama da 200 waɗanda hoton jijiyoyin kansu ya nuna suna cikin haɗari, suka ba su maganin haidroksiyuriya, sakamakon ya fito a 2022, ya nuna ko ɗan kaɗan ɗin ma yana kare su. Iyaye irinki ne suka kai yaran nan, Hausawa, da yawansu su ma ba sa karanta Turanci. Haka maganar zubar jini bayan haihuwa da take ɗauke mana mata, an yi wani babban bincike a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa a ga ainihin jinin da ta zubar maimakon kintace da ido, sai a haɗa mata magunguna a lokaci ɗaya, aka samu raguwar mummunan sakamako da kashi 60 cikin 100, a 2023 aka fitar. A nan Legas ma Farfesa Bosede Afolabi ta LUTH ta jagoranci wani a kan masu ciki sama da 1,000 a Legas da Kano, ana kwatanta maganin ƙarin jini na ruwa da ake sawa ta jijiya da ƙwayar da aka saba ba mu a wurin awo. Shi kansa sanƙarau ɗin, allurar da ta karya lagon irin wanda ya yi ɓarnar 1996, wadda aka fara yi wa jama'a a 2010, sai da aka gwada ta a kan mutane a Mali da Gambiya da wasu ƙasashen kafin ta iso mana. Folik asid ɗin da kike ba shi kullum da safe, wani ne ya fara sha kafin a san adadinsa.

Na ja wannan ne don ni ra'ayina ba ɓoyayye ba ne, ina ganin gudun da muke yi wa bincike yana cutar da mu. Ana haifar jarirai masu sikila kusan 150,000 duk shekara a ƙasar nan, babu ƙasar da ta kai mu, in ba a gwada magani a jikin yaranmu ba to da awon yaran wasu za a dinga yi mana magani. Amma ra'ayina a kan bincike gaba ɗaya ne, wannan naku ban gani ba, ban san me ke ciki ba, ba zan ce miki ki shiga ba.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ita ce gaskiyar abin da ke cin ki. Babu abin kunya a ciki, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wanda bai taɓa tsayawa a gaban kantar magani yana ƙirga canji ba ba zai gane ba. Amma ki yi wa kanki wannan tambayar tsakaninki da Allah, da a ce babu kyautar nan, bayan an min bayani, zan yarda a yi wa ɗana wannan abin? In amsar eh ce, to kyautar ta zama ƙari, alhamdulillahi. In amsar a'a ce, to talauci ne yake shirin sa hannu da yatsanki. Kuɗin motar da suka ce, na mota ne, daga Agege zuwa asibiti da dawowa da ɗan abin da za ku sa a baki, haka ƙa'ida ta ce, ba a yarda a ba da kuɗin da zai ruɗi mutum ya yarda da abin da ba ya so ba. In kika ji adadin ya yi yawa har kin fara lissafin kuɗin haya da shi, wannan ma abin tsayawa a duba ne. Kuma ki tuna bincike yana ƙarewa. Wata shida ne, shekara biyu ne, ranar da aka rufe fa, in maganin ya karɓe shi wa zai ci gaba da saya? Na ga uwar da ta yi kuka a kan wannan, yaro ya yi ƙiba ya koma makaranta, aka gama, ta koma gidan jiya. Ki tambaya tun yanzu, kuma amsar ta zama a rubuce.

Ga yadda nake so ki yi. Ki koma wurin nas ɗin ki ce mata kina so a ba ku rana ta musamman da likitan da ke jagorantar binciken, ke da Babansu, kuma a samo mai jin Hausa sosai, ba mai gadi ko mai shara da za a kira daga baranda ya fassara rabi ya bar rabi ba. Ki tambaya ko suna da takardar da Hausa, wasu suna fassarawa musamman in binciken ya haɗa da asibitocin Arewa. In babu, haƙƙinki ne a karanta miki duka a fassara, kuma ki zo da naki mutumin da ya iya karatu wanda ba ma'aikacinsu ba ya zama shaida, ƙaninki ne, malamin Islamiyyar yaran ne, wata 'yar unguwa mai karatun nas ce, ko waye dai wanda ba zai ji kunyar cewa ban gane ba a sake. A zaman nan ki tambayi sunan maganin da ko an taɓa ba yara shi a wani wuri, da irin illar da aka gani, kar ki yarda da ba komai, kowane magani yana da illa ko parasitamol ne. Sau nawa za ku dinga zuwa, don in duk sati ne ki tuna gosulon Oshodi da sauran yara biyun da makarantarsa. Jini nawa za a dinga ɗiba, cokali nawa, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce ga yaron da dama jininsa bai cika ba, kuma ina ake kai jinin, a nan za a gwada ko waje za a fitar, za a ajiye ko za a zubar bayan an gama. In cikin dare jikinsa ya rikice wa za ki kira, lambar waye, kuma in maganin binciken ne ya jawo aka ba shi gado wa zai biya. Wa ya ba da kuɗin binciken. Sannan ki ce a nuna miki shaidar amincewar kwamitin asibitin, yawanci lambarta da lambar wayar kwamitin suna jikin takardar, in sabon magani ne kuma ki tambayi ta NAFDAC. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin, wasu ma daɗi suke ji. Wanda ya fara tsaki yana duba agogo yana madam sa hannu kawai, ya riga ya ba ki amsa.

Shi Babansu kuma kar ki tare shi da maganar yana shigowa daga kasuwa da warin albasa a jikinsa da gajiyar sauke kaya tun asuba. Ki bari ya ci abinci ya huta. Kuma kar ki ce masa ya yarda, ki ce masa kin ji maganarsa ba za ki yi komai ba sai da izininsa, abu ɗaya kike roƙo, ya raka ki ya ji da kunnensa, in ya ji bai gamsu ba shikenan an bar maganar. Namiji in ya ga ba a ƙwace masa hukunci ba ya fi saurin sauka. Ki ba shi tambayoyin nan ma ya yi su da bakinsa, ɗan kasuwa ne, ya san yadda ake gane mai ɓoye ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu. Dalilin da ya sa na hana ki yi a ɓoye ba maganar biyayya kaɗai ba ce. Ki ɗauka kin sa hannu, wata biyu ciwon ya tashi kamar yadda dama yake tashi, ko da babu ruwan maganin, ranar da aka gano wa za a ce ya jawo? Aurenki zai girgiza, Hajiya ba za ta taɓa mantawa ba, kuma a tsakiyar dare likitan gaggawa zai tambayi me yaro yake sha, uban yana tsaye bai sani ba. Su kansu masu binciken kirki ba sa son irin wannan sa hannun, don sun san yaron ba zai kai ƙarshe ba. Shi ma yaron ki masa bayani daidai hankalinsa, shekara 7 ya san allura, ya san asibiti fiye da manya da yawa.

Hajiya kuwa ɗanta ne zai mata magana ba ke ba, kin dai san wannan. In ya gamsu shi zai kira ta. Ke naki gaisuwa da Hajiya a sa mu a addu'a. Ku yi istihara ku biyun, amma bayan kun ji bayanin, don ku san a kan me kuke neman zaɓi.

Nas ɗin da kike jin nauyi, ki sauke wannan nauyin yau. A duk takardar amincewa ta gaskiya akwai layin da yake cewa shiga ganin dama ne, in kin ƙi ba abin da zai canza a kulawar da ake yi wa ɗanki, in ma kin shiga kina iya fita ranar da kika ga dama ba sai kin ba da dalili ba. Ki sa a nemo miki layin nan a nuna miki da yatsa. Abu ɗaya dai, in za ki fita ki gaya musu, kar ki ɓace kawai ki daina ɗaga waya, wani maganin ba a yanke shi lokaci ɗaya kuma suna buƙatar su duba shi duban ƙarshe. In kuma har kika ga fuska ta canza don kin ce a'a, ko aka fara mayar da katinku ƙarshen layi, lambar kwamitin nan da na ce ki nema amfaninta kenan. Amma yadda kika kwatanta ta ban zaci haka daga gare ta ba, mai yiwuwa ta ga kina zuwa a kan lokaci ne kina riƙe da katinki tsaf shi ya sa ta tuna da ke.

Wani abu a gefe tunda muna Legas. Akwai masu kafa rumfa a bakin kasuwa ko su shigo unguwa da farar riga da na'ura suna gwaji kyauta, daga ƙarshe su ce jininka ya ƙazantu su sayar maka da kwalba, wasu har suna cewa bincike suke daga wani babban asibiti. Binciken gaske ba a biyan kuɗin shiga, ba a sayar miki da komai, kuma a cikin asibiti ake yin sa ko kuma da sanin asibitin, da suna da ofis da za ki iya komawa gobe ki same su. Naku tunda a kilinik ɗinsa ne aka miki magana wannan bai shafe ki ba, na faɗa ne don maƙwabta.

Ko kun shiga ko ba ku shiga ba, a zuwa na gaba ki tambayi likitansa ko an taɓa yi masa hoton jijiyoyin kai ɗin nan da ake yi wa yara masu sikila daga shekara 2 zuwa 16, ba allura ba zafi, wani ɗan abu ne ake ɗora masa a gefen kai, ana yi a cibiyar sikila da take kallon LUTH a Idi-Araba. Ki tambaye shi kuma ko ɗanki ya dace da haidroksiyuriya, kar dai ki saya da kanki a kemis don sai ana bin jininsa da gwaji. Ki ci gaba da ba shi ruwa da yawa, gidan sauro kullum, rigar sanyi in an yi ruwan nan na Legas mai zuwa da iska, zazzaɓi kuma ko kaɗan ne asibiti ba jira. In an karanta muku takardar akwai wurin da ya tsaya miki a wuya ki sake rubuto min da ainihin abin da suka ce, mu duba tare. Ki shafa min kan yaron, ki gaida Babansu.